Vernon Tuomi da Rundunar Kwaɗinsa

Shekara goma sha tara ke nan da sanina da Vernon Tuomi, kuma a goma sha bakwai daga cikinsu gabana bai taɓa faɗuwa ba don an haɗa ni wasa da shi. Ba ni kaɗai ba. Duk mai zuwa shagon kayan wasa na Gail ranar Asabar ya san in ƙuri'a ta haɗa shi da Vernon, nasara tasa ce tun ba a fara ba, ga kuma hirar awa uku mai daɗi a kyauta.

Sana'arsa gyaran injin ɗumama gida. A garinmu Duluth, inda sanyi ke riƙe gari wata shida, mai wannan sana'a ba ya rasa kira. Wata safiya cikin Janairu injin shagon Gail Nyberg ya tsaya, ta kira shi. Ya sauka ƙasa ya yi abin da zai yi. Da ya hawo sai ya ratso ta ɗakin baya, ya tarar da ni da wani abokina tsaye a bakin tebur cikin rigunan sanyi, bakinmu yana ta hayaƙi. A kan teburin akwai tsaunukan kwali da 'yan bishiyoyi, da sojojin roba waɗanda tsawon kowanne bai wuce babban yatsa ba. Ya ajiye akwatin kayan aikinsa a ƙasa.

"Me kake aunawa haka?" ya tambaye ni, ganin tef a hannuna.

Na ce masa kowane soja da iyakar tafiyarsa a rubuce cikin littafin dokoki, wani inci huɗu, wani goma. In ka kai kusa da abokin gaba sai ka jefa 'ya'yan ludo, su za su faɗi wanda ya mutu da wanda ya tsira.

"To wa ke ci yanzu?"

"Shi," na ce.

"Ai na gani a fuskarka."

Sai da wayarsa ta yi ƙara sau uku kafin ya tafi. Asabar ta zagayo sai ga shi ya dawo ba akwatin aiki. Ya yi ta zagaya kantocin shagon har ya durƙusa gaban na can ƙasa, ya jawo wasu kwalaye da suka yi shekaru ba wanda ya taɓa su. Rundunar kwaɗi ce, ta dalma, masu māsu da garkuwar ɓawon kunkuru.

"Vern, tsakani da Allah," in ji Gail, "waɗannan ba sa cin kowa. Shi ya sa suke nan ƙasa. Bari in nuna maka masu kyau."

"A'a, bar su. Dubi wannan. Kawuna Eino ne sak, har da kumatun."

Shekarunsa arba'in da ɗaya a lokacin. Hannuwansa manya ne, yatsun duk tabon ƙuna, in ya riƙe kofin gahawa ba ka ganin kofin. Amma da waɗannan yatsun yake ɗiga wa kowane kwaɗo ido, ruwan zinare da ɗigon baƙi a tsakiya, da buroshin da gashinsa bai fi guda goma ba. A ɗakin ƙarƙashin gidansa yake zama, gefen injin wanki, tabarau biyu ɗaya kan ɗaya. Kwaɗo guda kan ɗauke shi mako. Matarsa Bernadette, wadda ke dafa abinci a makarantar firamare ta unguwarsu, ta ce mini ita ba ta da ƙorafi. "'Yan'uwansa biyu suna mashaya, shi yana ƙasa da kwaɗi. In na buga ƙafa sau biyu zai hawo."

Tef bai taɓa yi masa daɗi ba, ya ce yana zame masa ya rushe bishiyoyi. Da yake duk kwaɗinsa inci shida suke tafiya, sai ya yanko wani ɗan itace daga ragowar katakon baranda, ya goge shi, ya shafa masa mai, tsawonsa inci shida cif. Da shi yake awo. Har ya yi baƙi saboda riƙo.

Ya sha kashi a hannun kowa. Ya sha a hannuna, ya sha a hannun Gail wadda ba ta ma damu da wasan ba, ya sha a Minneapolis da Fargo da Green Bay, duk inda muka tuƙa mota muka je gasa. Abin da ya fito da sunansa shi ne rubutun da yake yi duk Litinin a babban zauren masu wasan na intanet, da farko a kwamfutar gida, daga baya a waya, da yatsa ɗaya, cikin motar aikinsa lokacin cin abincin rana. Kan rubutun kullum ɗaya ne: "Yadda aka ci ni wannan makon." Ga wani da na adana:

"Ranar Asabar na kara da Lyle da mahayan kyarketansa. Tun Laraba na tsara dabara, na zana ta a bayan rasit ɗin mai. Dabarar ta yi aiki har tsawon minti goma sha ɗaya. Daga nan jarumina ya tsaya a kan gada shi kaɗai, na jefa 'ya'yan ludo biyar, huɗu suka ba ni ɗaya-ɗaya, na biyar ya faɗa cikin gahawar Lyle. Mun yarda a ƙirga shi shida. Bai hana komai ba."

Ni ne Lyle ɗin, kuma haka aka yi.

Zauren nan mutum ya fi dubu arba'in a cikinsa, kuma ba wurin hutawa ba ne. Bayan kowace babbar gasa masu lissafi za su fito da jadawali, wace runduna ta ci kashi nawa cikin ɗari. Kwaɗi ba su taɓa haura talatin da takwas ba. Akwai masu sayar da rundunarsu duk bayan wata uku su sayi wadda ke sama, su fesa mata launi uku a gurguje don doka ta ce ba a shiga gasa da soja tsirara. Akwai masu zagin kamfanin da ke yin wasan safe da yamma, amma sabon kwali na fitowa su ne a gaban layi. Akwai kuma 'yan da, masu cewa wasa ya lalace tun ranar da aka fara ƙirga. Waɗannan duka ba sa ga maciji da juna. Amma ranar Litinin sai ka ga mutum ɗari huɗu, wani lokaci biyar, daga kowane ɓangare, sun taru ƙarƙashin rubutun Vernon suna dariya. Wani mutum daga Fotugal ya taɓa aiko masa da kwaɗo guda, tsohon ƙira da aka daina yi, ba ko wasiƙa, sai 'yar takarda mai cewa, "Ko wannan zai taimaka." Bai taimaka ba.

Shekara biyu da suka wuce, cikin Afrilu, kamfanin ya fitar da sabon littafin dokoki. Vernon ba mai son karatu ba ne, don haka na same shi a wani gidan abinci kusa da tashar jiragen ruwa, na buɗe shafin kwaɗi ina karanta masa yana cin soyayyen ƙwai.

"Fatarsu ta ƙara kauri. Sai an jefa biyar ko shida kafin a ji musu ciwo."

"To."

"Dafin māsunsu ya ninka. Kuma in suna cikin ruwa ba a iya harbinsu daga nesa. Vern, kana ji na kuwa? An mayar da su dodanni."

"Kwaɗina?"

"Kwaɗinka."

Ya goge baki. "Wani ya yi kuskure a ofis ke nan. Za su gyara."

Ba su gyara ba. Asabar ɗin nan ya share mahayana daga kan tebur kafin a kai zagaye na uku. Ya tsaya yana kallon filin kamar wanda ya fasa tagar maƙwabci. Da ya koma gida Bernadette ta dube shi ta ce, "Lafiya? Me ya same ka?"

"Na ci Lyle."

"Ba shi da lafiya ne?"

Cikin wata guda babu kwalin kwaɗi ko ɗaya a shagunan ƙasar nan. Jadawalin masu lissafi ya nuna kashi sittin da huɗu. Vernon ya ci wasa tara a jere, kuma rubutunsa na Litinin ya mutu murus. Ya gwada, amma ba ya iya ba da labarin nasara. Sai ya rubuta layi biyu, "Na ci Gail. Ta yi ƙoƙari," ya rufe. Tsofaffin masu karanta shi suka fara raguwa. Sababbi kuma, waɗanda ba su san ko shi wane ne ba, suna ganin hoton kwaɗi sai su rubuta, "Ga wani ɗan bin iska kuma." Wannan ta ɗan sosa masa rai. Ya nuna mini a waya ya ce, "Shekara goma sha bakwai fa, Lyle. Wannan yaron yana aji biyu na fara fentin kwaɗon nan mai kama da Eino."

Duk da haka ba zan ce bai ji daɗin cin ba. Ya ji. Ranar da ya ci ƙaramar gasar Fargo ya saya wa Bernadette furanni a gidan mai, ya yi ta waƙa a mota da muryarsa mai kama da injin da yake gyarawa.

A watan Agusta muka tafi babbar gasar Milwaukee. Awa shida a mota, da burodi da kyafaffen kifi da Bernadette ta naɗe mana. Mutum ɗari biyu da goma sha huɗu a zauren otal, wasa shida cikin kwana biyu. Na ƙirga rundunar kwaɗi sittin da ɗaya, yawancinsu fentin bai gama bushewa ba. Mutane suna wucewa ta teburin Vernon sai su ja birki su sunkuya. Wata mata ta ɗauki minti goma tana ɗaukar hoton garkuwoyin kawai.

Ni na ci biyu na sha kashi huɗu, kamar kullum. Vernon ya ci uku ranar Asabar, ya ci biyu da safiyar Lahadi. Bayan abincin rana aka kira sunansa zuwa tebur na ɗaya, wanda ake rataye wa kyamara a sama ana nuna shi kai tsaye a intanet.

Abokiyar karawarsa Marisol Quintero ce, mai haɗa magunguna a wani kemis a Joliet, shekarunta talatin da 'yan kai. Duk mai bin wasan ya san ta. Sau biyu tana cin wannan gasar, da rundunar maharba waɗanda ba ta taɓa canzawa ba. Ba ta da yawan magana a tebur. Ta miƙa masa hannu, ta dubi kwaɗin, ta ce, "Kai ne na ranar Litinin."

"Ni ne dai, da."

"Na karanta na gahawar nan a wurin aiki, sai da na shiga bayan kanta na ɓuya. To, dattijo, yau ba za a ƙirga wanda ya faɗa kofi ba."

"Ai ban zo da Lyle ba, yana can tebur na tamanin."

Na ji shi, don na riga na gama shan kashina ina tsaye bayan igiya.

Wasa ne mai kyau, irin wanda ba ka son ka je ko bayan gida. Ta yi ta ja da baya tana harbi, shi yana bin rafin da ke tsakiyar teburin. Awa biyu da rabi maki yana tafiya kunnen doki. A zagaye na ƙarshe saura masa kwaɗi huɗu, kuma duk wanda ya riƙe wani ɗan tudu a gefen hagu shi ya ci. Vernon ya ɗora itacensa, ya matsar da kwaɗo na gaba zuwa ƙarshensa. Ƙafar kwaɗon ta taɓa gindin tudun da ƙyar. Alƙali ya sunkuya ya duba ya gyaɗa kai. Marisol ta yi ajiyar zuciya, ta yi dariya, ta ce, "Ka ci ni, dattijo." Aka ba shi kofin gasa, na gilashi, mai nauyi. Ya kira Bernadette, ta ce ya tabbata ya naɗe shi da tawul kada ya fashe a hanya.

Litinin da safe muka kamo hanyar gida. Wajen ƙarfe ɗaya muka tsaya cin abinci a Eau Claire. Ina jiran miya na buɗe waya don in ga abin da ake cewa game da shi. Abu na farko da na gani hoton hannunsa ne riƙe da itacen, an zana jan layi a kai. Wani ya tsayar da bidiyon, ya gwada tsawon itacen da faɗin gindin sojan da ke kusa, ya lissafa. Ƙarƙashin hoton sharhi ya haura dubu ɗaya.

Na so in kife wayar, amma ya riga ya ga fuskata.

"Mene ne?"

"Shirmen zaure ne. Ci abincinka."

"Ba ni nan."

Ya sa tabarau ya karanta a hankali, leɓɓansa suna motsi. Ya kalli bidiyon sau biyu. Sai ya tashi ya fita, na bi shi. Ya buɗe bayan mota ya ciro sabon littafin, ya buɗe shafin kwaɗi, ya bi da yatsa. A can saman jadawalin, a wani ɗan gida, an rubuta tafiyarsu: inci biyar. Da suka ƙara musu kauri da dafi sun rage musu inci guda. Ya ciro itacen daga aljihun riga ya riƙe shi kawai, bai ko auna ba. Ya san tsawonsa.

"Tun Afrilu," ya ce.

"Vern, ni na karanta maka shafin nan. Ni na tsallake wurin."

"Da idona, Lyle. Littafin yana gidana wata huɗu."

"Alƙali bai gani ba. Ita ma ba ta gani ba."

"Don sun ɗauka mutum ya san sandarsa." Ya rufe littafin. "Da biyar ne da kwaɗon nan bai kai tudu ba. Ko kusa."

Muka koma ciki. Miyar ta huce, ya shanye ta a haka. Sauran awa biyu da rabi na tafiyar bai kunna rediyo ba. Wajen Spooner ya ce in karanto masa abin da suke cewa, na ce ba zan karanta ba. Ya ce to faɗa mini mafi muni. Na ce wani ya rubuta wai shekara goma sha bakwai ya yi yana wasan tausayi don ranar da zai yi cuta kada a zarge shi.

Sai ya ce, "Kai, wannan ya ɗauke ni mai dabara."

Washegari ya je aiki kamar kullum, akwai wata tsohuwa a Proctor da tukunyar ruwan zafinta ke yoyo. Da ya taso ya naɗe kofin cikin tawul ɗin, ya sa a kwali, ya kai gidan waya da adireshin masu shirya gasar. Ya nemi sunayen mutum shidan da ya kara da su, ya rubuta wa kowanne daban. Ya kira na Fargo ma ya gaya musu. Sannan ya sa rubutu a zaure, ba kan magana, ba barkwanci:

"Wanda ya auna sandata ya yi daidai. Inci shida ce, doka kuma biyar ta ce. Da ita na yi kowane wasa tun Afrilu. Ban sani ba, amma sanin aikina ne. Na mayar da kofin. Marisol Quintero ce ta ci. Ina ba duk wanda na kara da shi haƙuri."

Masu gasar suka soke sakamakonsa, suka ba Marisol kofin, suka dakatar da shi daga manyan gasanni har ƙarshen shekara. Ya ce daidai ne. A zaure kuwa aka rabu. Wasu suka ce ya yi halin girma. Wasu suka ce don an kama shi ne. Wani ya yi bidiyon minti arba'in a kan lamarin, ya sa hoton kansa a gaban bidiyon yana riƙe da kai. Aka yi kwana tara ana yi, har kamfanin ya sanar da ƙarin farashi, kowa ya koma can.

Abin da ya fi damun Bernadette shi ne ya daina sauka ƙasa. Yana dawowa aiki sai ya zauna a baranda yana kallon tafki. Asabar biyu bai zo shago ba. Gail ta kira shi ta ce injin yana wani ƙara, ya zo ya duba, ya ce mata lafiyarsa lau kuma ta sani, a watan Agusta wa ke kunna shi. Ya sha gahawa ya tafi bai leƙa ɗakin baya ba.

Ranar wata Laraba ina gidansu na kai musu tumatirin lambuna, wayarsa ta yi ƙara. Lambar Illinois ce. Da yake kunnensa ɗaya ya yi nauyi, a bayyane yake sa waya, don haka duk muka ji.

"Vernon? Marisol ce. Kofinka ya iso."

"Naki ne."

"Ya iso da tawul mai hoton kifi. Shi ma nawa ne?"

Bernadette ta ɗaga murya daga bakin murhu, "A'a, wannan a dawo mini da shi."

Marisol ta yi dariya, sannan ta ce, "Ka ga, ba don in lallashe ka na kira ba. Na ji haushi, ba zan ɓoye maka ba. Kwana uku ina jin haushi. Rabi naka, rabi nawa, don na kara da kwaɗi sau goma sha ɗaya a bana, na san biyar ne kamar sunana, na zauna ina kallon sandar nan awa biyu da rabi ban ce a auna ba. Na shagala da kallon fenti."

"Ki yi haƙuri."

"Na yi. Amma kofin nan ba ya yi mini daɗin kallo. Ban ci ka a tebur ba, a gidan waya na ci ka. Ni da mijina muna zuwa wajenku a Oktoba kallon ganyayen bishiyoyi suna canza launi. Kana da tebur?"

"Ina da ƙofar da na ɗora kan jarkoki a gareji."

"Ta isa."

Ya ajiye wayar. Sai ya ce wa Bernadette ina ta ajiye littafin nan. Daga ranar, duk safiya kafin ta tafi makaranta, sai ta buɗe shafi ta yi masa tambayoyi yana shan gahawa, kamar mai shirin jarrabawa. Ba na kwaɗi kaɗai ba, har na sauran rundunoni. Ta ce mini a mako na uku ta fi shi sani, kuma a ganinta maharban Marisol an cuce su a shafi na casa'in.

Suka zo Asabar ta biyu a Oktoba, da hantsi. Mijin, Anselmo, dogo ne mai shiru, bai san komai game da wasan ba kuma ba ya son ya sani. Ya ga kwalekwalen Vernon a jingine, suka yi maganar kamun kifi minti ashirin kafin Marisol ta ce ita fa ba kifi ya kawo ta ba. Aka buɗe ƙofar gareji don haske. Vernon ya sayi sabon tef, ja, mai manyan lambobi. Bernadette ta zauna kan kujerar lambu da littafin a cinya ta ce ita ce alƙali, kuma ba a ɗaukaka ƙara.

Duk matsawar da zai yi sai ya faɗi lambar da ƙarfi. "Biyar." Ya rushe bishiya da tef ɗin sau uku. A zagaye na biyu Marisol ta matsar da maharbanta cikin daji ta ɗauki 'ya'yan ludo za ta yi harbi, Bernadette ta ce, "Dakata, 'yata. Wanda ya shiga daji a wannan zagayen ba ya harbi sai na gaba."

Marisol ta karɓi littafin ta duba. Ta mayar mata da shi a hankali. "Vernon, ina ka samo wannan matar?"

"A wurin rawa, a Cloquet. Ita ma ban karanta dokokin ba."

"Har yau," in ji Bernadette.

Marisol ta ci da maki uku. An yi wasan tsakani da Allah, kuma Vernon ya kusa ci. Muka ci dafa-dukan dankali da nama a kicin, Anselmo ya ƙara sau biyu. Da za su tafi ta miƙa wa Bernadette tawul ɗinta a wanke a ninke, ta kuma ciro maharbi guda daga akwatinta, shugaban rundunar, wanda fentinsa ya goge saboda shekaru, ta tambayi Vernon ko zai sake mata shi. Ya juya shi a tafin hannu, ya ce sai dai ta jira, ba ya sauri. Ta ce ba ta da gasa sai Fabrairu.

Bai koma rubutun Litinin ba. Mutane sun tambaya, na Fotugal ma ya aiko saƙo, ya amsa masa shi kaɗai. Ya ce mini ba fushi yake ba, kawai in ya buɗe zauren sai ya ji kamar ya shiga ɗakin da ake ta magana kowa da kowa a lokaci guda, kuma kunnensa ba ya ɗauka yanzu. Kamfanin ya rage wa kwaɗi ƙarfi a bazarar da ta biyo baya, masu sittin da ɗayan nan suka sayar suka koma wata rundunar. Shi yana cin kusan rabin wasanninsa a yanzu, don a karo na farko ya san abin da rundunar abokin gaba za ta iya yi.

Bana ya cika sittin. Gwiwarsa ta hagu ta gaji da matakalar gidajen mutane, likita ya sa masa ranar tiyata a watan Maris, kuma an ce zai yi mako shida ba sauka ƙasa. Jiya na taya shi hawo da teburin fentinsa zuwa ɗakin cin abinci. Bernadette ta shimfiɗa jaridu a ƙasa, ta nuna masa iyakar inda kayansa za su tsaya, daga taga zuwa kabad. Muna gama jerawa ya ga hasken wurin ya fi na ƙasa, ya ce ashe da tuni ya hawo. Ta ce mako shida aka ce, ba ta ƙara ko kwana ɗaya ba.